Tsofaffin finafinan dariya da na kimiyya: fim ɗin ne mai kyau, ko ƙuruciyarmu muke kewa?

Kawu na Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta gabanku. Yaran yanzu sun ɗauka duk wanda ya yabi tsohon fim, ƙuruciyarsa kawai yake tunawa. Ni ban yarda ba. Ku ɗauki Back to the Future na 1985. Yaro ya shiga mota, motar ta kai gudun mil 88, sai ga shi a 1955, iyayensa suna 'yan makaranta. Tsautsayi ya sa ya shiga tsakaninsu, kuma in ba su yi aure ba, shi kansa ba za a haife shi ba. Ga hoton 'yan gidansu a aljihunsa, yana gani yayansa da yayarsa suna gogewa daga ciki sannu a hankali. Ba abin da aka nuna a farkon fim ɗin nan a banza. Har takardar da wata mata ta miƙa masa a titi game da tsohon agogon gari, ita ce ta gaya masa lokacin da tsawa za ta faɗo, ƙarfe 10:04 na dare, kuma da wannan tsawar ya koma gida. Wanda ya zauna ya tsara labari haka ya yi aiki. To ina tambaya: me ya sa in na yabi wannan aikin za a ce mini wai tsufa ne?

Abba na Kabuga:
Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Na kalle shi, kuma ban ce ba shi da kyau ba. Amma ku duba na biyunsa, na 1989. Sun ce ranar 21 ga Oktoba 2015 motoci za su riƙa tashi sama, yara suna yawo a kan allo marar taya. Shekarar ta zo ta wuce, ba mu ga ko ɗaya ba. Kuma a wannan duniyar tasu ta 2015, da na'urar fakis aka kori mutum daga aiki, ba wanda ya hango wayar da ke hannun kowa yau. Ni in ana maganar fim ɗin kimiyya, Interstellar na 2014 nake kawowa. Masanin kimiyya na gaske, Kip Thorne, shi ya zauna da su, kuma daga baya ya samu kyautar Nobel a 2017. Awa 1 a wata duniya daidai take da shekara 7 a tamu. Uba ya sauka na ɗan lokaci, ya dawo ya tarar shekara 23 ta wuce, ya zauna yana kallon saƙonnin 'ya'yansa suna girma a gabansa. Wallahi Kawu wurin nan sai da na yi hawaye.

Kawu na Fagge:
Abba, ai fim ɗin kimiyya ba duba ba ne. Ba wanda ya biya kuɗin shiga don a faɗa masa abin da zai faru gobe. Mota mai tashi ado ce kawai. Abin da ke riƙe da fim ɗin shi ne tambayar da kowane ɗa ya taɓa yi a ransa: da na haɗu da babana yana sa'ana, za mu yi abota kuwa?

Maman Hanifa:
Salamu alaikum. Kawu, ni ina bayanka rabi, ina bayan Abba rabi. Ku maza kun je Plaza da Marhaba da El Dorado, mu kuwa wa zai bar 'ya mace ta je silima a lokacin? A gida muka yi namu kallon. Gida ɗaya ne mai bidiyo a layinmu, in an aro kaset sai a aika yara gida-gida a ce an samo. Tabarma biyu a tsakar gida, talabijin a kan tebur an jawo shi bakin ƙofar ɗaki, waya ta biyo ta taga. In hoto ya fara yayyafi sai yayanmu ya buɗe injin ya goge kan da farin ƙyalle, mu duka mun yi tsit muna jira. In kuma aka ɗauke wuta, kaset ɗin ya maƙale a ciki ke nan, gobe sai an biya kuɗin kwana. A haka na ga Mr. India na 1987. Anil Kapoor da gidan marayunsa, ga abin hannun da in ya ɗaura sai ya ɓace, ba a ganinsa sai da jan haske. Ga Amrish Puri a matsayin Mogambo, in ya fito ƙananan cikinmu sai su ɓuya a bayan zanen uwarsu. Ga Sridevi ta yi shigar Charlie Chaplin ta hargitsa gidan caca. Yanzu in na sake kallonsa, ina jin daɗin fim ɗin, amma gaskiya muryar innarmu nake ji tana cewa a matsa wa baƙi su zauna. Ta rasu, Allah ya jiƙanta. To ka ga ba zan iya raba biyun ba.

Kawu na Fagge:
Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Abba na Kabuga:
Amin Anti. Ai maganata ke nan. Mutanen da kuka kalla tare da su kuke kewa.

Malam na Samaru:
Allah ya gafarta mata. Abba, dakata, kar ka yi saurin yanke hukunci. Akwai wani rukunin finafinai da ke rushe maganarka, wato waɗanda suka faɗi a kasuwa ranar da suka fito, sannan daga baya suka samu masoya na haƙiƙa, masu kallonsu sau da yawa har su haddace.

Ranar 25 ga Yuni 1982 aka saki finafinai biyu a Amurka: Blade Runner na Ridley Scott, da The Thing na John Carpenter. Mako biyu kafin nan E.T. na Spielberg ya fito, kuma shi ya kwashe jama'a. Mutane suna son baƙon sama mai tausayi wanda yara ke ɓoyewa a ɗaki, sai ga Carpenter ya kawo musu wata halitta a ƙanƙarar Antatika da ke shiga jikin mutum ta zama shi, har ba ka san abokinka ba ne ko ba shi ba ne. 'Yan jarida suka yi masa ca. Blade Runner ma aka ce ya cika duhu da nawa. Su wa suka raya su? Mutanen da suka same su a kaset bayan shekaru, a ɗakunansu, ba wani taron silima da za su tuna. Har aka sake fitar da Blade Runner a 1992 da gyaran daraktansa, aka ƙara wani a 2007, aka yi masa ci gaba a 2017. Da kewa ce kawai, wanda ba a haifa ba a 1982 me zai kai shi?

A Indiya ma haka. Andaz Apna Apna ya fito a 1994, ga Aamir Khan ga Salman Khan a fim ɗaya, amma bai yi kasuwar da aka zata ba. Shekarar ta Hum Aapke Hain Koun ce. Talabijin da kaset ne suka ɗaga shi, yau kuwa in ana lissafin finafinan barkwancin Indiya da wuya a tsallake shi.

Abba na Kabuga:
Malam, na gwada Blade Runner saboda yadda ake zuzuta shi. Ban iya ƙarasawa ba. Ruwan sama, duhu, mutum yana tafiya a hankali yana cin taliya a bakin titi. Minti 40 ban ga inda aka dosa ba.

Malam na Samaru:
Ka ƙarasa shi, don Allah. Duk nauyin fim ɗin yana ƙarshe. An ƙera wasu halittu kamar mutane, an ba su ƙarfi da hankali, amma an ƙayyade musu shekara 4 kacal. Shugabansu ya dawo duniya neman wanda ya ƙera shi don ya ƙara masa kwana. A ƙarshe, mutumin da aka aiko don ya kashe shi yana rataye a saman bene zai faɗo, shi kuma ajalinsa ya zo, sai ya miƙa hannu ya cece shi. Rutger Hauer ne ya fito a matsayin shugaban nan. Ni ban san wani fim na zamanin nan da ya taɓa maganar tsoron mutuwa da kyau haka ba.

Injiniya Bauchi:
Ni maganar dabarun hoto zan tsoma baki a kai, tunda Abba yana ganin na da sun tsufa. Wasu sun tsufa, gaskiya ne. Amma Terminator 2 na 1991 fa? A gidan kallo na gan shi, an rubuta da alli a allo a bakin ƙofa: yau akwai Kwamando. Duk fim ɗin da Arnold ya fito, Kwamando muke ce masa. Ranar da bos ɗin nan ya narke ya taso daga daɓen asibiti, benci ya ɗauki salati. Abin da mutane ba su sani ba, aikin kwamfuta a fim ɗin 'yan mintuna ne. Babbar motar da ta faɗo daga gada cikin magudanar ruwa, motar gaske ce aka jefa. Jirgi mai saukar ungulu da ya bi ta ƙarƙashin gada, matuƙi ne na gaske ya bi da shi. Inda aka ga mai gadi biyu iri ɗaya, tagwaye ne aka samo. Linda Hamilton ma 'yar tagwaye ce, 'yar'uwarta ta tsaya mata a inda ake buƙatar su biyu. Shi ya sa har yau in ka kalla kana jin nauyin ƙarfe. Na yanzu da yawa gini ya rushe gari ya ƙone, amma ranka bai ko motsa ba, don idonka ya san zane ne.

Abba na Kabuga:
Wannan kam ba musu, Injiniya. Terminator 2 yana nan daram. Amma guda nawa ne irinsa? Kuna tuna 10 masu kyau, kun manta tarkacen da aka yi tare da su.

Ɗan Damagaram:
Sannunku 'yan'uwa. Mu nan Nijar hanyarmu daban ce, ta Faransa namu suka biyo. Ku kuna Mr. Bean, mu muna Louis de Funès, ɗan gajeren tsoho mai sanƙo da saurin fushi. Jerin finafinansa na Jandarman Saint-Tropez ya fara a 1964, kuma a 1979 aka yi wanda jandarmomin suka gamu da baƙi daga sama masu shan man inji. Akwai kuma La Soupe aux choux na 1981, tsofaffi biyu a ƙauye, baƙo ya sauko daga wata duniya ya ɗanɗani miyar kabejinsu, shi ke nan ya riƙa dawowa. Dariya ce, amma a ƙarƙashinta akwai baƙin ciki, don ƙauyen nasu yana mutuwa, masu kuɗi suna so su mai da wurin filin shaƙatawa. Na nuna wa wani abokina na Kano, ko murmushi bai yi ba. Ni kuma ya nuna mini Police Academy, na rasa abin dariyar. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kuma kar a manta muna da namu: Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier tun 1966, saurayi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauye. Tun lokacin yana nuna abin da finafinan waje ke yi wa samarinmu.

Kawu na Fagge:
Madalla da wannan, ɗan'uwa. Amma akwai wanda ya haɗa mu duka, Najeriya da Nijar: fim ɗin kwalbar Coca-Cola, The Gods Must Be Crazy. Wa bai yi dariya ba lokacin da Land Rover ta ja kanta ta hau bishiya?

'Yar Sakkwato:
Kawu, ka yi haƙuri, nan ne zan saɓa maka. Na yi dariyarsa ina yarinya kamar kowa. Da na girma na sake kallo, sai raina ya ɓaci. A 1980 aka yi shi, Jamie Uys ɗan Afirka ta Kudu ne ya shirya, lokacin mulkin wariyar launin fata yana kan ganiyarsa, Mandela yana kurkuku. Dubi yadda aka nuna baƙar fata a ciki. Mutanen daji, wai ba su san komai ba, mai sharhi yana bayaninsu da irin muryar da ake bayanin namun daji. Sauran kuma 'yan tawaye ne wawaye da gwamnatin da ba ta iya komai ba. Saƙon a fili yake: baƙi ba za su iya riƙe ƙasa ba. Shi kuma N!xau, mutumin Namibiya da fuskarsa ta sayar da fim ɗin a duniya, abin da aka ba shi a na farkon bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da abin da fim ɗin ya tara. Ni ba zan zaunar da 'ya'yana a gabansa in yi shiru ba.

Kawu na Fagge:
Hajiya, na ji ki, kuma ba ki faɗi ƙarya ba. Amma wa ya fi kowa hankali a fim ɗin? Ai shi ne. Baturen masanin nan ko tsayuwa a gaban mace bai iya ba sai ya ture tebur. Mutumin daji ne ya ga abu ɗaya ya shigo ya raba kan iyalinsa, ya ɗauke shi ya kama hanya don ya jefar. Mu a lokacin shi muke so, shi ne aktanmu.

'Yar Sakkwato:
An ba shi hankali irin na yaro marar laifi, Kawu. Ba a ba shi na babban mutum mai ƙasa da haƙƙi ba. A lokacin da ake ɗaukar fim ɗin, mutanensa suna fama da talauci da rashin filayensu, sojan Afirka ta Kudu yana ɗibar samarinsu zuwa yaƙi. Fim ɗin ya rufe wannan duka da dariya.

Malam na Samaru:
Ina tare da Hajiya a nan. A kalla, amma a yi wa yara bayani.

Kawu na Fagge:
Bayani na yarda da shi. Hana kallo ne ban yarda ba.

Maman Hanifa:
Ku duk kun tafi waje kun bar na gida. Ina Ibro? Allah ya jiƙan Rabilu Musa, tun Disamba 2014 da ya rasu har yau ba a cike gurbinsa ba. Lokacin yana raye 'yan boko raina finafinansa suke yi, wai camama ce, ba tsari, kyamara ɗaya, an gama cikin 'yan kwanaki. Yau su ne ke tura guntayensa a WhatsApp. Ka ga irin abin da Malam ya faɗa game da finafinan da aka raina suka dawo suka yi daraja, ga shi a gidanmu. Kafin shi ma ga Samanja, marigayi Usman Baba Pategi, da Hausarsa ta barikin soja, ga marigayi Kasimu Yero. In lokacin shirinsu ya yi, layi kan yi shiru.

Abba na Kabuga:
Ibro daban ne Anti, shi ko mu muna kallonsa. Kafin ya buɗe baki ma ka fara dariya. Amma fim ɗinsa cikakke ba na iya zama in kalla, guntayen sun ishe ni.

Maman Hanifa:
To ai nan ne kuke cutar kanku. Dariyar Ibro taruwa take yi. Sai ka ga yadda ya ƙulla ƙaryar tun farko, ya ƙara wata a kanta, ya jawo abokinsa ciki, sannan in asiri ya tonu ka san me ya sa yake zare ido. Guntun minti 1 ya ba ka zare idon, bai ba ka dalilin ba.

Injiniya Bauchi:
Abin da ke damuna shi ne, barkwanci mun iya, amma na kimiyya fa? Kannywood ta haura shekara 30, aljanu da bokaye sun cika finafinanmu, amma da wuya ka ga an ɗauki labarin injin ko sararin samaniya da gaske. Kuma ba wai jama'armu ba sa so ba ne. Koi... Mil Gaya na 2003, wa bai san Jadoo, baƙon saman da ke cikinsa, ba a Arewa? Enthiran na Rajinikanth, 2010, mutum-mutumi Chitti, da aka fassara irin waɗannan zuwa Hausa yara har haddace su suke yi.

Abba na Kabuga:
Kuɗi ne Injiniya. Kuma Koi... Mil Gaya ai E.T. ne aka sa wa waƙa.

Malam na Samaru:
Kamannin suna nan, Abba, amma labarin ya fi haka tsawo. Tun 1967 Satyajit Ray, babban daraktan Bengal, ya rubuta labarin fim mai suna The Alien, baƙo daga sama ya sauka a ƙauye ya yi abota da yaro. Kamfanin Columbia ya nuna sha'awa, rubutun ya zaga Hollywood, fim ɗin bai yiwu ba. Da E.T. ya fito, Ray ya ce yana ganin ba a rasa alaƙa da rubutunsa ba, Spielberg kuma ya musanta. Indiyawa da yawa suna ganin kayansu ne ya dawo gida.

Batun kuɗi kuma, ban ɗauke shi babban dalili ba. Terminator na farko, na 1984, da kuɗi kaɗan aka yi shi in aka gwada da manyan finafinan lokacin, labarin ne ya ɗauke shi. Kuma muna da labarin a ƙasa. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Yaro Bahaushe, Kilba, baƙo daga sama ya ɗauke shi ya zaga da shi samaniya. Da yawanmu mun karanta shi a makaranta. Fiye da shekara 50 littafin yana nan yana jiran mai ɗauka.

Ɗan Damagaram:
Malam, wannan littafin bai iso lakwal ɗinmu ba. Zan sa a nemo mini in wani zai shigo daga Kano. In kuwa za a yi fim ɗin, a zo Nijar a ɗauka. Star Wars na 1977 ma a hamadar Tunisiya aka ɗauki wani sashensa, mu kuwa ga Tenere ga duwatsun Ayar.

Abba na Kabuga:
Ni zan kalla ranar farko. Sharaɗina ɗaya, kar a sa rawa da waƙa. Yaro yana cikin jirgin sama jannati, kar a yanke a kai mu lambu.

Maman Hanifa:
A'a Abba, ban yarda ba. Mr. India akwai waƙa, Koi... Mil Gaya akwai waƙa, kuma ba abin da ta rage musu. In kana so iyaye mata su zauna su kalla da 'ya'yansu, ka bar musu waƙarsu. A dai samu mai rubutawa da kyau, kuma a sa ta inda ta dace.

Kawu na Fagge:
Guda biyu sun isa, Maman Hanifa. Ɗaya kafin ya tashi, ɗaya in ya dawo.